Kumburin hannu bayan aikin sankarar mama: tausar limfa tana da amfani?

Maman Sadik

Assalamu alaikum. Don Allah ina neman shawarar ma'aikatan lafiya da ke nan. Yayata ce aka yi wa aikin sankarar mama a gefen hagu bara, aka cire maman tare da kaluluwar hammata, ta yi kemo, wato ƙarin maganin sankara, ta yi gashi, wato ƙona cutar da hasken na'ura. Alhamdu lillahi ta samu sauƙi. To yanzu hannun hagun ne yake kumbura, tun daga bayan hannu har damtse. Da safe yakan ɗan sace, zuwa yamma ya cika, awarwaro ba ya shiga, hannun riga yana matse ta. Ba ciwo take ji sosai ba, nauyi ne. Wasu sun ce a riƙa gasa shi da ruwan zafi ana murzawa da man zafi, wasu sun ce a kira wanzami ya yi mata ƙaho, mai kemis kuma ya ba ta Lasix, maganin sa fitsari. Ni kuma na ga ana tallar wata tausa a intanet, wai tana fitar da ruwan limfa, wasu da hannu suke yi, wasu da katakai. Tausar nan gaskiya ce? In gaskiya ce, yaya ake yin ta, kuma zan iya yi mata a gida?

Malam Nasiru, fiziyo

Wa alaikumus salam, Maman Sadik. Allah ya ƙara wa Yaya lafiya, ya sa kaffara ne. Tausar gaskiya ce, ana koyar da ita, ana yin ta a sashen fiziyo, wato masu jinya da tausa da motsa gaɓoɓi a asibiti. Wani ɗan ƙasar Denmak mai suna Emil Vodder da matarsa Estrid ne suka tsara ta a Faransa, suka gabatar da ita a Paris a 1936. Amma kafin komai, ruwan zafi da man zafi da ƙaho a dakatar da su daga yau.

Jini idan ya kai ƙananan jijiyoyi, wani ruwa yakan tsattsafo daga cikinsu ya shiga tsakanin naman jiki, ɗauke da furotin. Wannan ruwan, wanda ake kira limfa, yana da nasa siraran hanyoyi dabam da na jini, su ne suke kwashe shi su bi da shi ta kaluluwa a tace, sannan su juye shi cikin babbar jijiyar jini a gindin wuya. Ruwan hannu gaba ɗaya, da na mama, da na fatar ƙirji da baya daga cibiya zuwa sama, duk hammatar gefensu suke nufa. To ga shi an cire kaluluwar hammatar, gashi kuma ya bar tabo a hanyoyin da suka rage. Ruwa yana zuwa yadda ya saba, mafita ta yi kaɗan. Kusan mace ɗaya cikin biyar da aka kwashe wa kaluluwar hammata tana samun wannan kumburin, galibi cikin shekara biyun farko, don haka kada Yaya ta ɗauka wani ganganci ta yi.

Bakin hanyoyin limfa dab da fata yake, kuma ba su da famfo irin zuciya. Abin da ke buɗe su shi ne a ɗan ja fatar ta miƙe, a sake ta. Manyan da ke ƙasa da su gaɓa-gaɓa ne, kowace gaɓa tana matsewa da kanta kamar sau 6 zuwa 10 a minti, jan fata a hankali kuma yana ƙara mata sauri. Idan aka danna da ƙarfi, na saman sai su lotse su rufe, jini ya ƙaru a wurin, ya ƙara tsattsafo da ruwa. Zafi ma aikinsa ke nan, yana buɗe jijiyoyin jini. Shi ya sa hannun da aka gasa da dare yake wayewa ya fi jiya cika, kuma katakon da ake murzawa har fata ta ɗau zafi ɓarna yake yi wa irin hannun Yaya.

Ga yadda ake ɗora hannu. Tafin hannu ko cikin yatsu huɗu a kwance, ba kan yatsu ba. Hannunki ya manne da fatar, kada ya zame a kanta, don haka ba a shafa mai sai an gama. Ki ja fatar zuwa inda kike son ruwan ya nufa, iyakar inda ta miƙe ta tsaya, sai ki sassauta ta koma da kanta. Kowane ja kamar daƙiƙa biyu, a maimaita sau 7 zuwa 10 a wuri ɗaya kafin a matsa. In kina jin tsoka ko ƙashi a ƙarƙashin hannunki, kin danna da yawa. In ta ce akwai zafi, ko fatar ta ɗau ɗumi, kin danna da yawa.

Abin da aka fi kuskurewa shi ne wurin farawa. Kowa hankalinsa yana kan bayan hannun da ya kumbura, sai ya fara daga nan yana turo ruwa sama, ya tara shi a damtse da kafaɗa inda hanya take a toshe. Mai yasar kwata daga bakin mafita yake farawa, ya taho da baya. Don haka hannun da ya kumbura shi ne na ƙarshe da za ki taɓa.

Ta kwanta rigingine, a tada hannun hagun da filo. Ta ɗora hannu a ciki, ta ja numfashi ta hanci har cikin ya taso, ta fitar a hankali ta baki, sau 5. Wannan ba ado ba ne, babbar hanyar limfa ta cikin ciki da ƙirji take bi, numfashi mai zurfi yana tsotso ruwan da ke cikinta. Daga nan sai gindin wuya, lotsawar da ke saman ƙashin wuya a gefe biyu, ki ja fatar ƙasa da ciki. Sai hammatar dama, mai lafiyar, ki ɗora tafin hannu a cikinta ki ja sama zuwa cikin jiki sau 10. Yanzu kin tanadi wurin da zai karɓi ruwa. Ki dawo ƙirji, sama da tabon aikin, ki fara daga kusa da hammatar dama kina ja zuwa dama, ki matso tsakiyar ƙirji, ki matso gefen hagu, kowane wuri jan yana nufar dama. Akwai ƙananan hanyoyi da suka ƙetare tsakiyar jiki, su ake so a koya wa ɗaukar kaya. Mafita ta biyu ita ce kaluluwar matsematsin hagu. Ki ja a nan sau 10, sannan ki bi gefen jiki daga ƙugu, zuwa haƙarƙari, zuwa ƙasan hammatar hagu, jan yana nufar ƙasa. Ta juya ta kwanta a gefen dama, ki yi wa bayanta yadda kika yi wa ƙirjin, daga allon kafaɗar hagu zuwa hammatar dama. Baya shi ne wurin da mutum ba ya iya yi wa kansa, nan amfaninki ya fi yawa.

Sai yanzu hannun. Kan kafaɗa tukuna, sannan wajen damtse daga gwiwar hannu zuwa kafaɗa. Ruwan cikin damtse kada ki tura shi hammata, ki karkato da shi zuwa waje, sannan sama. Sai gwiwar hannu gaba da baya, sai sangalin hannu, sai wuyan hannu, sai bayan hannu, sai yatsu ɗaya bayan ɗaya daga farce zuwa gindi. Duk gaɓar da kika gama, ki raka ruwanta har kafaɗa kafin ki sauka ta gaba. A ƙarshe ki maimaita ƙirji da hammatar dama da gindin wuya. A gida minti 20 ya isa, sau ɗaya ko biyu a rana. A asibiti yakan kai minti 45 zuwa awa ɗaya.

Kada ki bi ta kan fatar da gashi ya ƙona in ba ta warke sarai ba, ko kan rauni, ko kan wani ƙullutu da kika ji. Kuma rubutu ba ya koyar da nauyin hannu. Ku nemi a tura ku sashen fiziyo na asibitin da aka yi mata aikin, a yi miki a naki hannun ki ji, ki yi a gabansu su gyara miki.

Likita Aminu

Ina tare da Malam Nasiru, sai dai Hajiya, kafin hannunki ya taɓa ta, a mayar da ita wurin likitocin da suka yi mata aiki su duba. Abubuwa uku suna zuwa da kamar wannan kumburin, kuma kowannensu tausa ba ta dace da shi ba.

Na farko gudan jini da ya daskare a jijiyar hannu ko ta ƙarƙashin ƙashin wuya. Masu sankara sun fi kowa samunsa, musamman wanda aka taɓa sa wa doguwar robar ƙarin magani. Yakan zo farat ɗaya cikin kwana ɗaya ko biyu, da ciwo, hannun ya yi duhu, jijiyoyi su fito raɗau a kafaɗa da ƙirji. Hoton jijiya ne yake tabbatarwa. Tausa a kansa tana iya ɓalle gudan ya tafi huhu. Na biyu dawowar cutar a hammata ko saman ƙashin wuya. Alamunta kumburin da ya fi yawa a kafaɗa da damtse, ciwo mai tsanani da ke hana barci, mutuwar hannu ko raunin yatsu, ƙullutu mai tauri. Na uku ƙwayoyin cuta a ƙarƙashin fata, kuma wannan ina so ku riƙe shi da kyau don zai iya zuwa ko yaushe. Littattafai suna cewa wurin zai yi ja, amma a baƙar fata jan ba ya fitowa sosai. Abin da za ki gani shi ne wurin ya ƙara duhu, yana ƙyalli, ya fi ɗayan hannun zafi in kin taɓa da bayan hannunki, ga ciwo, ga zazzaɓi da rawar ɗari da mutuwar jiki. Da yawa sai su ce maleriya ce, su sha maganinta, kwana biyu ya wuce. A ranar ake zuwa asibiti. Maganin kashe ƙwayoyin cuta ake ba da wa, galibi na mako biyu, kuma tausa da naɗi duk a ajiye sai zazzaɓin ya sauka, ciwon ya lafa. Duk lokacin da wannan ya faru yana ƙara lalata hanyoyin da suka rage. Wanda yake samunsa sau biyu ko fiye a shekara, akan ɗora shi a kan ƙaramin awon fenisilin na dogon lokaci don kariya.

Lasix kuma ta daina, in dai don hannun aka ba ta. Yana jan ruwa daga jini ta ƙoda, amma furotin ɗin da ya taru a hannun yana nan inda yake, sai ma ya ƙara kauri, ya sake jawo ruwa, ya gaggauta taurin fata. Ga bushewar jiki da zubewar gishirin jini a banza. In wani likita ne ya rubuta shi saboda zuciya ko hawan jini, wannan dabam, a tambaye shi.

Ku fara awo tun yau. Tef ɗin tela ya isa. A auna zagayen hannu biyu a wurare guda: tafin hannu, wuyan hannu, santimita 10 ƙasa da gwiwar hannu, santimita 10 sama da ita. Da safe, sau ɗaya a mako, mutum ɗaya ya riƙa yi, a rubuta. Bambancin santimita 2 ko fiye a wuri ɗaya shi ake ɗauka kumburi ne na gaske. Yadda kika ce yana sacewa da safe alama ce mai kyau, har yanzu ruwa ne. In an bar shi, furotin ɗin yana jawo kitse da tabo, ya kai matsayin da ko an danna ba ya lotsawa, kuma wannan ba ya komawa da tausa.

Inda zan ɗan ja birki shi ne girman abin da tausa ita kaɗai take yi. Ƙungiyar Cochrane ta tattara binciken da aka yi a kan mata masu irin wannan kumburin a 2015. Naɗin bandeji shi kaɗai ya rage kashi 30 zuwa 38 cikin ɗari na kumburin, tausar ta ƙara wajen kashi 7 a kai, kuma ta fi amfanar waɗanda nasu bai yi nisa ba. Wani babban gwaji a Beljiyam da aka buga a 2022 bai ma ga wani ƙari na a zo a gani ba. Ba ina cewa a bar ta ba. Tana sassauta tauri, tana rage nauyin da ake ji, kuma a ƙirji da baya da gefen haƙarƙari, inda bandeji ba ya zama, ita ce abin yi. Amma wanda aka yi wa tausa aka sallame shi ba a naɗe hannun ba, ruwan zai dawo cikin awoyi, kuɗinsa ne ya tafi.

Masu talla kuma suna cewa tana wanke dafi daga jiki, tana narkar da teɓa, tana kawo haihuwa. Babu hujja a kan ko ɗaya. Mai lafiyayyun hanyoyin limfa tafiya da numfashi sun wadatar da shi. Fuskar da ta kumbura da barci takan faɗa na 'yan awoyi, iyakarta ke nan. Abin da ya fi damuna shi ne mai kumburin ƙafa biyu ya tafi wurin masu tausa. Ƙafa biyu a tare, a fara zargin zuciya, ƙoda, hanta, ko maganin hawan jini irin amlodipine. Mai ciki da ta kumbura fuska da hannu awon jini da fitsari take bukata a ranar. Mai jego da ƙafafunta suka cika, tana haki, ba ta iya kwanciya sai da filo uku, ciwon zuciyar bayan haihuwa ne sai an tabbatar ba shi ba ne, kuma yana da yawa a yankinmu, likitocin Zariya sun rubuta a kansa tun shekarun 1970. Tura ƙarin ruwa zuwa zuciyar da ta gaza haɗari ne. Haka tausar wuya, ba a yi wa mai maƙoƙon da ke aiki fiye da kima, ko mai bugun zuciya marar tsari, ko wanda ya taɓa shanyewar ɓarin jiki, sai da izinin likita.

Maman Sadik

Allah ya saka muku da alheri. Za mu koma asibiti ranar da take ganin likita. Game da naɗin, muna da bandejin nan mai roba da ake ɗaure targaɗe da shi, zai yi? Sannan yaya za ta yi da alwala da aikin gida? An ce mata kada ta ɗauki ko da buta da hannun.

Sista Rabi

'Yar'uwa, na targaɗe ba zai yi ba. Shi yana miƙewa sosai, don haka yana matse hannu lokacin da mutum yake kwance, in an motsa kuma sai ya bi tsokar ya saki. Akasin haka ake so. Wanda ake amfani da shi gajeren miƙewa gare shi, in kin ja shi kaɗan zai ba da kai ya tsaya. Yana zama kamar bango, tsoka ta motsa ta buge shi ta tura ruwa sama, in an huta kuma ba ya shaƙe jini, shi ya sa ake kwana da shi. Comprilan da Rosidal K su ne sunayen da za ki tambaya a shagunan kayan asibiti. Hannu ɗaya yana cin mai faɗin santimita 6 guda ɗaya, mai 8 guda ɗaya, mai 10 guda biyu. In da hali a sayi saiti biyu, ɗaya yana jiki ɗaya yana shanya.

Ba a ɗora shi a kan fata tsirara. A wanke hannun, a tsane, a shafa man kaɗanya ko basilin kaɗan. A zura safar auduga mai baki biyu daga tafin hannu zuwa hammata, a huda wa babban yatsa. A naɗe yatsu ɗaya bayan ɗaya da siririn bandeji mai laushi, a bar farce a waje don a riƙa ganin launinsa. Sai audugar naɗi daga hannu har sama, a ninka ta a cikin gwiwar hannu da kan ƙashin wuyan hannu, nan ne fata ke saurin saɓulewa. Sannan mai 6 ya fara daga wuyan hannu ya zagaye tafi, yatsu a buɗe. Mai 8 daga wuyan hannu zuwa gwiwa, ta dunƙule hannu ta tokare shi a jikinki don tsokar ta cika, in ba haka ba zai matse ta in ta motsa. Masu 10 su ƙarasa har ƙasan hammata. Kowane zagaye ya rufe rabin na baya. Ƙa'idar ita ce matsi ya fi yawa a ƙasa, ya riƙa raguwa zuwa sama, kuma da yawan ninki ake samun wannan, ba da ƙarfin ja ba. In an gama ki matsa da hannunki daga ƙasa zuwa sama, ki ji taurin yana raguwa. In saman ya fi ƙasan tauri, kin ɗaure ruwa a bayan hannu, gobe za ki ga ya yi suntum. A liƙe bakin da filasta, ban da ƙarfen maƙalawar da ke zuwa da shi, yana huda fata.

In yatsu suka yi fari ko shuɗi, ko sanyi, ko suka mutu, ko ciwo ya taso, ta motsa hannun na 'yan mintuna. In bai wuce ba a kwance duka. Mai ciwon suga da ba ta jin taɓi sosai, da mai toshewar jijiyar jini, ba a naɗe su sai an gwada gudun jinin.

Ana barinsa kusan awa 23, a kwance a yi wanka da tausa, a sake naɗawa, kullum, na mako 2 zuwa 4. Mafi yawan raguwar a makon farko ake ganinta. In awo ya tsaya ba ya sauka, lokacin ne ake auna ta a saya mata safar hannu mai matsi, mai 20 zuwa 30 ko 30 zuwa 40 a irin ma'aunin hawan jini, haɗe da ta tafin hannu. Wadda ta tsaya a wuyan hannu ita kaɗai tana kumbura yatsu. Kada a saye ta tun hannun yana cike, za ta yi yawa bayan mako biyu. Da rana ake sa ta, a cire da dare, a sauya bayan kamar wata shida don robar tana mutuwa. Da zafin bazara mutane suna jefar da ita, alhali lokacin kumburi ya fi tashi. A wanke ta kullum da yamma a shanya a inuwa, tana rage ƙaiƙayi.

Alwala, malamai sun yi bayanin shafa a kan bandeji ga mai larura, ta tambayi malaminku ya warware mata. Batun buta kuwa tsohuwar shawara ce. Wani bincike a Amurka da aka buga a 2009 ya nuna matan da suka riƙa ɗaga nauyi kaɗan-kaɗan suna ƙarawa, da safarsu a hannu, kumburinsu bai ƙaru ba, tashinsa ma ya ragu. Hannun da aka ajiye shi ne yake cika. Ta yi aikinta, ta fara da mara nauyi, in ta ji hannun ya yi nauyi ta huta. Abin kiyayewa rauni ne: wuƙa, fantsamar mai, ƙayar kifi, allurar ɗinki, cizon sauro, yanke farce har nama. Ko ƙwarzane ne a wanke da sabulu, a sa maganin rauni, a sa ido kwana biyu. Da hunturu a ninka shafa mai. Awon jini da allura a ba da hannun dama. Ƙiba kuma tana ƙara kumburin sosai, rage ta magani ne.

Isiyaku Mai Shago

Don Allah Malam, kawuna tundurmi gare shi a ƙafar dama shekara da shekaru. Shi ma wannan tausar za ta yi masa?

Malam Garba, jami'in lafiya

Malam Isiyaku, tundurmi ma kumburin limfa ne, sai dai sanadin ya bambanta. A ƙasarmu galibi wata siririyar tsutsa ce da sauro ke sa wa mutum, sau da yawa tun yana yaro. Takan zauna cikin hanyoyin limfa shekara 6 zuwa 8, ta buɗa su har su daina riƙe ruwa. Ita ce kuma take kawo gwaiwa ga maza da yawa, amma gwaiwa aiki ake yi mata, ba tausa ba. Maganin da ake rabawa gida-gida duk shekara, Mectizan da albendazole, yana kashe 'ya'yan tsutsar da ke cikin jini don kada sauro ya kai wa wani. Da shi jihohin Filato da Nasarawa suka kai ga sanar da kawar da cutar a matsayin matsalar lafiyar al'umma a 2017 tare da Cibiyar Carter ta Amurka, a shekarar kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar Togo ta rabu da ita. Amma ba ya mayar da ƙafar da ta riga ta kumbura. Akwai kuma wani nau'in da babu tsutsa a ciki, na masu noma ba takalmi a jar ƙasar tsaunuka irin ta Habasha da arewa maso yammacin Kamaru, shi ƙafa biyu yake kamawa.

Ga Kawu, tausa tana bayan sabulu da ruwa. Abin da ke girmar da ƙafar shi ne zazzaɓin nan da ke taso masa lokaci-lokaci, ƙafar ta yi zafi, kaluluwar matsematsi ta fito, bayan kwanaki fata ta saɓule. Ƙwayoyin cuta ne suke shiga ta faso, da ruɓewar tsakanin yatsu, da cikin ninkin fata. Don haka safe da dare a wanke ƙafa biyun da sabulu marar ƙamshi da ruwa mai tsabta wanda ba a ɗumama ba, a zura tsumma mai laushi tsakanin yatsu da cikin kowane ninki, a ɗauraye har ruwan ya fita fes. Ban da dutsen goge kaushi da soso mai kaifi. A tsane ta hanyar dannawa, ba gogewa ba, kuma bayan kowace alwala ya tsane tsakanin yatsun, don damshin nan shi ke ruɓar da wurin. Inda ya yi fari ya jiƙe a shafa clotrimazole ko man Whitfield. Inda ya bushe a shafa man kaɗanya, amma kada mai ya shiga tsakanin yatsu. Takalmi mai faɗi wanda ba ya gurza, ko a sa baduku ya ɗinka masa daidai ƙafar. In yana zaune ya ɗora ƙafar a kan kujera daidai ƙugu, da dare a ɗaga ƙasan katifa ta wajen ƙafa yadda gwiwa ma za ta samu matokari. Ya riƙa dafa bango yana ɗagawa a kan yatsu yana sauka, yana juya idon sawu, sau da yawa a rana. Tsaga da sakiya da ƙaho ƙofa suke buɗe wa ƙwayoyin cuta, raunin kuma yakan yi ta zubar da ruwa ya ƙi rufewa.

In ana son ƙara tausa, tsarin da Malam Nasiru ya faɗa ne: numfashi, gindin wuya, hammatar dama, gefen jiki daga ƙugu zuwa sama, sannan wajen cinya, gwiwa, ƙwauri, ƙafa a ƙarshe. Ƙafar da ta yi tauri da ninki-ninki naɗi take bukata a hannun wanda ya iya, da soso a cikin ninkin.

Ranar da zazzaɓin ya taso, ya kwanta a ɗaga ƙafar, a ɗora tsumma mai ruwan sanyi ana sauyawa, ya sha ruwa da yawa da farasitamol, a ci gaba da wankin a hankali yadda zai iya jurewa. Ba tausa, ba naɗi, ba motsa jiki, ba a fasa bororo, ba a ɓare fatar da ke saɓulewa. A kai shi asibiti a ranar a ba shi maganin ƙwayoyin cuta, kuma in ya fara ruɗewa, ko amai, ko ƙafar tana fitar da mugunya, kwantar da shi za a yi.